Mutumin da Ya Dafa Dutse da Hasken Rana

Magabatanmu sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. A wannan wata mun kawo muku labarin wani masanin ilimin sinadarai ɗan ƙasar Japan, Farfesa Akira Fujishima, wanda ya shafe fiye da shekara hamsin yana bin sawun dutse guda. Abin da ya sa muka zaɓe shi kuwa, mu malaman makaranta muna ganin yadda yaranmu kan juya wa darussan kimiyya baya da zarar sun faɗi jarrabawa sau ɗaya, iyaye kuma su ce to shi ke nan, a koma shago. Shi wannan mutum babban burinsa ne ya faɗi, kuma abin da ya yi bayan faɗuwar shi ne amfanin labarin.

An haifi Fujishima a birnin Tokiyo a shekarar 1942. Ya gama karatun digiri na farko a Jami'ar Yokohama a 1966, sa'an nan ya wuce Jami'ar Tokiyo inda ya shiga hannun Malam Kenichi Honda. A 1967, yana ɗalibi, ya samo wani ɗan dutse mai suna rutil. Shi wannan dutse haɗin ƙarfen titaniyom ne da iskar oksijin, masana na kiransa titaniyom dayokzaid. Kada sunan ya firgita ku, domin yana cikin gidajenmu: garinsa ne ke sa farin fenti ya yi fari fat, ana kuma zuba shi a wasu man goge baki da man shafawa na kare fata daga rana.

Fujishima ya tsoma dutsen cikin ruwa, ya haɗa shi da waya zuwa wani ɗan ƙarfen filatinom da ke cikin ruwan, ya haska masa fitila mai ƙarfi. Sai ya ga kumfa tana tasowa daga jikin dutsen. Da aka auna kumfar, sai aka tarar oksijin ce, can wajen filatinom kuma iskar haidirojin ke fita. Wato haske ya raba ruwa gida biyu, kusan yadda ganyen itace ke yi da hasken rana. Abin mamaki, dutsen bai narke ba, nauyinsa bai ragu ba.

Yadda muke bayyana wa 'yan ajinmu wannan al'amari shi ne da misalin dillali a kasuwar shanu. Dillali shi ke haɗa ciniki, amma ba shi ake sayarwa ba. Gobe ma yana nan zai haɗa wani. Haka dutsen nan yake, sai dai shi ba ya fita kasuwa sai haske ya tashe shi. Wannan aiki shi ake kira fotokatalisis.

Da farko manyan masana da yawa a Japan ba su yarda da maganar ɗalibin ba, domin a saninsu sai da wutar lantarki isasshiya ake raba ruwa. Bai fasa ba. Ya sami digirin dakta a 1971, kuma a 1972 shi da malaminsa suka buga sakamakon a mujallar Nature ta Ingila. Shekara guda bayan haka, a 1973, farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a duniya, Japan kuwa kusan duk manta daga waje take saye. Ranar 1 ga Janairu, 1974, jaridar Asahi ta sa labarin a shafinta na farko. Jama'a suka ɗauka an gama: ga ruwa, ga rana, ga haidirojin da za a ƙona maimakon fetur.

A nan ne halin mutumin ya bayyana. Maimakon ya zauna yana shan yabo, sai ya ɗauki faifan titaniyom ya gasa da wuta har suka yi ɓawon sinadarin, ya jera su a kan rufin gida, ya bar su a rana, ya yi awo. A wuni guda, kowane murabba'in mita ya ba da haidirojin kamar lita 7. Da ya yi lissafi sai ya ga kashi 0.3 cikin 100 kawai na ƙarfin rana ya kama. Dalili kuwa, dutsen ba ya amsa sai wani irin haske da ido ba ya gani, wanda ake kira altirabayolet, shi kuma bai kai kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba. Da wannan ba za a tuƙa mota ba, balle a haskaka gari. Bai ɓoye lissafin ba, ya faɗe shi yadda yake.

To, in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Fujishima ya sake tambaya: in ƙarfin bai isa samar da makamashi mai yawa ba, wane aiki ne ɗan ƙarfi zai wadatar? Amsar ita ce tsabta. Ƙarfin da ke iya raba ruwa yana iya ragargaza maiƙo, da wari, da ƙwayoyin cuta, waɗannan kuwa 'yan kaɗan ne a jikin bango in an gwada da man da mota ke sha. Masu sana'ar fenti ma sun daɗe da sanin wannan hali, amma a matsayin aibu, don shi ne ɗaya daga cikin dalilan da kan sa tsohon fenti ya zama gari ya shafe rigar wanda ya jingina. Abin da wasu ke gudu shi ya mai da sana'a.

Wajen 1990 shi da abokin aikinsa Kazuhito Hashimoto suka haɗa kai da kamfanin TOTO mai yin kayan bayan gida, aka fara yin tayil da aka shafa wa sinadarin, ana sa shi har a ɗakunan tiyata na asibiti. A 1995 suka sake gano wani abu: in haske ya bugi gilashin da aka shafa wa sinadarin, ruwa ba ya dunƙulewa a kansa, sai ya baje ya kwashe dauɗa ya tafi da ita. Sun buga wannan a Nature a 1997. Daga nan aka sami gilashin taga da ruwan sama ke wankewa, da madubin gefen mota da ba ya yin hazo, da murfin fitilun ramukan hanyar mota da hayaƙi ba ya baƙanta su da wuri.

Sirrin duk wannan yana ga ƙanƙanta. Kowace uwargida ta san dakakkiyar kanwa ta fi dunƙulalliya saurin aiki a tukunya, don ruwa na taɓa ta ta ko'ina. Haka ake niƙa wannan sinadari zuwa ƙwayoyin da ake aunawa da nanomita. In aka raba mita guda gida biliyan ɗaya, kashi ɗaya shi ne nanomita; kaurin gashin kan mutum yana tsakanin nanomita 50,000 da 100,000. Garin da masu bincike suka fi amfani da shi ƙwayarsa ba ta wuce nanomita 20 da 'yan kai ba, kuma giram ɗaya nasa yana da fuskar da ta kai murabba'in mita 50, wato ya fi shimfiɗar babban ɗaki. Shafin yana da siranta har ana ganin waje ta cikin gilashin sarai.

Girma ya biyo baya. Ya zama farfesa a Jami'ar Tokiyo a 1986, ya karɓi babbar Lambar Japan ta kimiyya a 2004, ya shugabanci Jami'ar Kimiyya ta Tokiyo daga 2010 zuwa 2018, an kuma ba shi lambar girma ta al'adu ta ƙasarsa a 2017. A 2021, yana dab da shekara tamanin, ya koma wata jami'a a birnin Shanghai na ƙasar Sin shi da 'yan tawagarsa don ci gaba da bincike.

Tsohon burin nan na fitar da makamashi daga ruwa kuwa wasu sun ɗauka. A 2001 masu bincike na kamfanin Toyota suka nuna cewa in an cusa wa sinadarin naitirojin yana iya amsa hasken da ido ke gani. A 2021 tawagar Farfesa Kazunari Domen ta ba da rahoton faifai masu faɗin murabba'in mita 100 da ke raba ruwa da rana, amma abin da suka kama bai cika kashi 1 cikin 100 ba. Kun ga ke nan ƙofa a buɗe take ga na baya.

Wani abin da ya kamata mu sani, dutsen rutil ba baƙo ba ne a nahiyarmu. Saliyo na cikin ƙasashen da suka shahara da shi, kuma a nan Kamaru akwai shi a yankin Akonolinga, inda aka haƙa shi tun zamanin mulkin mallaka aka fita da shi ɗanye. Rana kuwa ba sai mun faɗa wa mutumin Garwa ko Marwa ba. Dutse namu, rana tamu, amma romon wasu ke sha, domin su suka zauna suka koyi dafawa.

Saboda haka muna roƙon iyaye, in yaro ko yarinya ta kawo sakamako maras kyau a lissafi ko kimiyya, kada a yi saurin cire ta daga makaranta. A zo a same mu, mu duba tare inda aka sami giɓi, kamar yadda Fujishima ya hau rufi ya auna nasa. Ku kuma 'yan makaranta, ku riƙa rubuta abin da kuka gani a gwaji, ko da bai yi daidai da abin da kuke fata ba. Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya ba su ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.