BABI NA HUƊU: GWAJIN MAGANI DA KOYON LIKITANCI A ASIBITIN ZANA, KANO

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda Bahaushe ya karɓi asibiti da maganin Bature bayan zuwan Turawa. A wannan babi kuwa za a dubi wasu ayyuka biyu na asibiti waɗanda majinyaci bai cika lura da su ba, ko da yake a jikinsa ake yin su, wato binciken magani da koyar da ɗaliban likitanci. An zaɓi Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, wanda jama'a suka fi sani da Asibitin Zana, domin a nan ne aka gudanar da gwajin maganin Trovan a kan yara a shekarar 1996, wanda ya zama abin misali a makarantun likitanci na ƙasashe da dama.

4.1 Asibitin da Muhallinsa

Asibitin Zana yana kan titin Faransa a ƙaramar hukumar Fagge, a gefen Sabon Gari. Fagge tsohon masauki ne na fatake a wajen ganuwar birni, Sabon Gari kuwa an kafa ta ne wajen 1913, bayan da layin dogo ya iso Kano a 1911, domin ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga kudu. Saboda haka masu zuwa wannan asibiti ba yarensu ɗaya ba, akwai mai Hausa, da mai Ibo, da mai Yarabanci, da wanda sai da guntun Turancin kasuwa ake fahimtar juna da shi. Aikin asibitin shi ne killace masu cututtukan da ake ɗauka, irin su amai da gudawa, da ƙyanda, da tarin fuka, da sanƙarau.

Wani abin da ya kamata a riƙe tun daga nan shi ne, asibitin na gwamnatin jiha ne. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano kuwa, wanda aka kafa a 1988 domin horar da ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero, na gwamnatin tarayya ne. Ya fara aiki a aro a cikin Asibitin Murtala kafin ya koma mazauninsa na titin Zariya. Ke nan malamai da masu bincike suna gida ɗaya, masu cutar annoba kuma suna wani gida dabam. Za a ga muhimmancin wannan rabuwa nan gaba.

4.2 Sanƙarau da Binciken da Aka Riga Aka Yi

Sanƙarau kumburi ne na tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya. Ƙwayar cutar da ke haddasa annobarsa tana zama a maƙogwaron mutum, sau da yawa ba tare da ta cutar da shi ba, kuma tana bin numfashi da tari ta shiga wani. Alamominsa su ne zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da amai, da sanƙarewar wuya, daga nan ne ma ya sami sunansa na Hausa. Yakan kashe yaro cikin kwana ɗaya ko biyu, wanda ya tsira kuma ana iya barinsa da kurumta ko farfaɗiya ko shanyewar wani sashe na jiki. A 1963 wani likitan Faransa mai suna Lapeyssonnie ya zana yankin da cutar ta fi addaba a Afirka, yankin da a yau ake lissafa shi daga Senegal har Habasha, ƙasar Hausa kuwa tana tsakiyarsa. Annobar takan taso da ƙurar hunturu, ta yi tsanani da zafin bazara, ta lafa da saukar damina.

Ba a 1996 aka fara binciken sanƙarau a kan majinyata a Arewa ba. A shekarun 1970 Brian Greenwood da Hilton Whittle da abokan aikinsu sun yi shekaru suna nazarin cutar a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. A 1979 suka buga sakamakon gwajin da ya nuna cewa allura guda ta kuloramfenikol mai mai, wadda take daɗewa a jiki, tana iya warkar da cutar. Cikin marubutan har da Dakta Sadiq Wali. Wannan allura mai arha ita ce ta zama madogara a lokacin annoba a Afirka har shekaru masu yawa. An kawo wannan ne domin kada a ɗauka cewa gwada magani a kan mara lafiya laifi ne a karan kansa. Ba a taɓa samun ingantaccen magani ba sai ta wannan hanya.

4.3 Gwajin Shekarar 1996

A farkon 1996, zamanin mulkin Janar Sani Abacha, sanƙarau ya ɓarke a Arewa irin ɓarkewar da aka daɗe ba a ga kamarta ba. Fiye da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. A Kano abin ya haɗu da ƙyanda da amai da gudawa, Asibitin Zana ya cika har ana kwantar da mutane a ƙasa. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tana cikin asibitin tana yi wa majinyata allurar kuloramfenikol kyauta.

Ana cikin haka sai ayarin kamfanin Pfizer na Amurka ya iso da sabon magani mai suna Trovan, wanda a lokacin bai sami rajistar sayarwa ba. Aka ɗebi yara kimanin 200 aka raba su gida biyu. Rabi aka ba su Trovan, rabi kuma aka yi musu allurar seftiriyakson, wadda an riga an san ingancinta. Wannan rabo shi ne ginshiƙin irin wannan bincike, domin ba a sanin ƙarfin sabon magani sai an jera shi da tsoho, kuma ƙuri'a ce take zaɓen gidan da yaro zai faɗa, ba likita ba, don kada son rai ya shiga. Ayarin ya yi kimanin mako biyu ya tafi, annobar kuwa ba ta ƙare ba. Yara 11 suka rasu, 5 daga gidan Trovan, 6 daga ɗaya gidan, wasu kuma suka tashi da nakasa.

Idan aka tsaya a kan waɗannan alƙaluma kaɗai za a ce ai babu wani bambanci, kuma wannan ita ce hujjar kamfanin. Ya ce kashi 94 cikin ɗari na yaran da aka ba Trovan sun rayu, cutar ce ta kashe waɗanda suka mutu ta kuma nakasa waɗanda suka nakasa, sannan ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun kuma amince da baki. Masu suka kuwa sun ɗora ƙorafinsu a kan yadda aka tsara gwajin. Bayan allurar farko an rage adadin seftiriyakson daga miligiram 100 zuwa 33 a kan kowane kilo na nauyin yaro. Kamfanin ya ce don rage zafin allura ne kuma adadin ya wadatar, masu suka suka ce raunana tsohon magani yana ƙawata sabo. An kuma ba yara masu tsananin ciwo magani ta baki, alhali ba a tabbatar hanjinsu zai tsotse shi yadda ya kamata ba. Jaridar Washington Post ta kawo labarin wata yarinya 'yar shekara 10 wadda jikinta ya yi ta tsananta ba a sauya mata magani ba har ta rasu. Mafi nauyi shi ne, babu takardar amincewa ko ɗaya da iyaye suka sa wa hannu, kuma iyayen da suka kai ƙara sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, ba a kuma gaya musu akwai sanannen magani kyauta a cikin harabar asibitin ba.

Shi kansa Trovan bai yi tsawon rai ba. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga manya a ƙarshen 1997, ba ta taɓa amincewa da shi ga yara masu sanƙarau ba, a 1999 kuma ta taƙaita amfani da shi saboda lalata hanta, Turai ta dakatar da shi baki ɗaya.

4.4 Takardar Izini da Abin da Ya Biyo Baya

Tun daga ƙa'idojin Nuremberg na 1947 da Sanarwar Helsinki ta 1964 da gyare-gyarenta, an yarda cewa ba a bincike a kan mutum sai da yardarsa, kuma sai wani kwamiti mai zaman kansa ya duba tsarin. Takardar da aka gabatar a matsayin izinin gwajin Kano tana ɗauke da sunan Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da kwanan watan 28 ga Maris, 1996. Amma shugaban asibitin na lokacin, wato Dakta Sadiq Wali da aka ambata a baya, ya bayyana cewa a wannan rana asibitin ba shi da irin wannan kwamiti, daga baya kuma ta tabbata cewa an rubuta takardar ne bayan an gama gwajin aka mayar da kwanan wata baya. A nan ne rabuwar da aka ambata a 4.1 ta fito fili: izini ya fito da sunan wani asibiti, yara suna kwance a wani asibiti.

Bayan rahoton Washington Post na Disamba 2000, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi. Ya gama aiki a 2001 da hukuncin cewa gwajin ya saɓa doka, amma rahoton bai fito ba sai da ya ɓulla a jarida a 2006. A 2007 gwamnatin Kano da ta tarayya suka maka kamfanin a kotu. A Yulin 2009 aka sasanta da jihar Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba: miliyan 35 ga waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 ga ayyukan lafiya, miliyan 10 kuɗin shari'a. Da yake babu cikakken bayanin yaran a hannun iyaye, sai da aka yi gwajin ƙwayar halitta kafin a tantance masu haƙƙi, iyalai huɗu na farko kuma ba su karɓi dala 175,000 kowannensu ba sai a Agustan 2011, shekara 15 bayan aukuwar abin.

Ɓarnar ba ta tsaya kan yara 200 ba. Lokacin da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, dalilan suna da yawa, har da siyasa da zargin ƙasashen Yamma, amma Trovan yana cikin misalan da aka riƙa bugawa. Ba a koma rigakafin ba sai Yulin 2004, cutar kuwa ta riga ta tsallaka ƙasashe da dama. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A ɓangaren hukuma kuma, an kafa kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, ya fitar da kundin ƙa'idoji a 2007, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ƙara masa ƙarfi.

4.5 Kalmar "Gwaji" da Horon Ɗalibi

A ra'ayin mai wannan nazari, ko da a ce an yi wa iyaye bayani da Hausa kamar yadda kamfanin ya faɗa, akwai sauran magana, kuma maganar ta harshe ce. A bakin Bahaushe mai zuwa asibiti, "gwaji" shi ne gwajin jini ko fitsari ko majina, wato abin da ake yi don a gano ciwonsa a ba shi magani. "Bincike" kuma shi ne dubawar da likita yake yi masa. Duka kalmomin biyu alheri ne a kunnensa. To su ne kuma ake amfani da su wajen fassara aikin da ake jarraba maganin da ba a tabbatar da shi ba. Idan ma'aikaciyar jinya ta ce wa uwa, "Baiwar Allah, za a yi wa yaronki gwaji," uwar za ta ce, "To, a yi, Allah ya saka da alheri," kowacce ta faɗi gaskiya, amma ba abu ɗaya suke nufi ba.

A kan wannan sai a ƙara halin da uwar take ciki. Ɗanta yana sanƙare a hannunta, mijinta wataƙila yana kasuwa, ita kuma ba ta saba yanke irin wannan hukunci ita kaɗai ba. Ga kunya, ga girman likita, ballantana Bature. A al'adar Bahaushe yi wa mai taimakonka tambayoyi kamar zarginsa ne. Saboda haka "to" ɗin da aka samu a irin wannan hali ladabi ne, ba lallai ya zama yarda ba. Haka kuma batun ƙuri'a yana da wuyar shiga, domin wanda ya kawo ɗansa asibiti ya ɗauka likita zai zaɓa masa abin da ya fi dacewa da shi, bai zaci za a bar zaɓin ga sa'a ba.

Wannan matsala tana komawa ga yadda ake horar da likita. Ɗalibi yana shekara shida yana karatu da Turanci, ana yi masa jarrabawa da Turanci, amma a gefen gado da Hausa zai yi magana, a Sabon Gari ma wani lokaci sai da tafinta. Yawancin Hausarsa ta asibiti a bakin ma'aikatan jinya da manyansa yake tsintar ta. Shi kansa koyon a jikin majinyaci ake yin sa. Idan malami ya zo zagaye da ɗalibai goma, kowa yana so ya lanƙwasa wuyan yaro ya ji yadda sanƙarau yake, ko ya ga yadda ake zuƙo ruwan gadon baya da allura, wannan ma amfani ne da jikin wani domin ilimi, kuma yana buƙatar izini. Ɗalibin da ya saba taɓa majinyaci ba tare da ya ce, "Baba, ni ɗalibi ne, ka yarda in duba ka?" ba, da wuya ya ga muhimmancin takardar amincewa ranar da ya zama mai bincike.

Ƙa'idar da ake bi yanzu ita ce a fassara takardar amincewa zuwa harshen majinyaci, wanda bai iya karatu ba a karanta masa a gaban shaida ya dangwala yatsa. Sai dai fassarar da ta tsaya kan "gwaji" da "bincike" ta bar ramin a buɗe. Wannan nazari yana ganin ya fi dacewa a ce "jarraba sabon magani wanda ba a gama sanin amfaninsa da illarsa ba", a faɗi sunan tsohon maganin da inda ake samunsa, a ce ƙuri'a za a jefa, a kuma faɗa a fili cewa wanda ya ƙi za a yi wa ɗansa magani kamar kowa. Daga nan sai a nemi uwar ko uban su maimaita abin da suka ji da bakinsu kafin a kawo tawada.