Makullin Rumbu Ya Koma Cikin Aljihu



A zagayen da muka yi bayan girbi, mun iske wata ƙungiyar gama kai cikin baƙin ciki. Ma'ajinsu, dattijon ekklesiya ne wanda ba a taɓa kama shi da kuskuren ko kwabo ba, ya shiga kasuwar hatsi, aka zare masa waya. Bai damu ƙwarai ba, gama wayar ta tsufa, har da roba ake ɗaure ta. Sai bayan kwana 3 ya je banki, ya tarar kuɗin takin mutum 14 ya tafi. Da ma a asusunsa ƙungiyar take ajiya.

Ɓarawon nan ba wayar yake so ba. Ɗan katin da ke cikinta, watau sim, shi ne abin nema. Tun 2014 Babban Bankin Nijeriya ya kawo BVN, lambar nan mai alƙaluma 11 wadda ta haɗa dukan asusun mutum. Wanda ya riƙe layin da ka yi rajista da shi, in ya buga *565*0#, sai ta fito masa. Saƙonnin banki ma ta layin suke zuwa. Abin da ya rage masa lambar sirri ce kaɗai, ita kuwa dattijonmu ya rubuta ta a 'yar takarda, ya cusa a bayan murfin wayar don kada ya manta. Ba mu yi masa dariya ba. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ne ya tura yawancinmu ga tura kuɗi ta waya, ba wanda ya zauna ya koya mana.

To, sim yana da kwado nasa. A cikin saitin kowace waya, ko ƙarama mai maɓalli, akwai wurin sa masa lamba, yadda in an cire shi aka sa a wata waya ba zai buɗe ba. Amma fa a yi hankali: in an yi kuskure sau 3 sai ya kulle, sai da lambar PUK wadda ke jikin babban katin da aka ɓallo sim ɗin. A adana katin nan tare da takardun gona.

In waya ta ɓata, a fara da banki a sa su tsai da asusun a ranar, kana a nemi kamfanin layi. Lambar da za a kira kuwa a rubuta ta cikin littafin ƙungiya, gama wadda ke cikin wayar ta tafi tare da ita. Mai kai waya wurin caji a kasuwa, ya cire sim tukuna. Wanda kuma ya kira ka ya ce daga banki yake, yana neman lambar sirrinka, kashe wayar, ko da ya faɗi sunanka daidai. Banki ba ya tambayar wannan.

A ganinmu babban kuskuren na ƙungiyar ne, ba na ma'aji ba. Kuɗin jama'a ya zauna a asusu mai sunan ƙungiya, wanda ba ya fita sai mutum 2 sun sa hannu. Mun sani banki da nisa, kuɗin mota kuma da yawa. Ana iya haɗa tafiyar da ranar kasuwa.

A taro mai zuwa kowa ya zo da wayarsa da katin sim ɗinsa. Bayan addu'a za mu kulle su ɗaya ɗaya, mu fara da na ma'aji.