Matuƙin Jirgin Sama da Zaɓin Inda Zai Kwana

Ran 1 ga Nuwamba 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojan saman Ingila waɗanda suka taso daga Helwan, kusa da Alƙahira, suka sauka a filin sukuwa na Kano, kuma tun daga wannan rana ba a taɓa rasa yaro a ƙasar nan wanda in ya ji rugugin jirgi zai saki abin da ke hannunsa ya ɗaga kai, yana ƙudurta a ransa cewa wata rana shi ne zai zauna a gaban wannan abu. Galibin yaran nan sha'awar takan bar su da sun girma, amma akwai 'yan kaɗan da take bi har su yi gemu, kuma daga cikinsu ake samun waɗanda ke ɗaukar mu zuwa Legas da Jidda. Abin da yaro ba ya iya hangowa daga ƙasa, kuma iyayensa ma ba kasafai suke tambaya ba, shi ne cewa sana'ar tana da rassa da dama, kowane reshe da irin harajin da yake karɓa daga barcin mutum da iyalinsa da zumuncinsa.

Hanyar shiga dai sananniya ce. A 1964 aka kafa makarantar koyon aikin jirgin sama ta Zariya da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma daga cikinta ne Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko 'yar Nijeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, ta fito, har daga bisani ta dawo ta shugabance ta. Ɗalibi yakan fara da lasisin tuƙa ƙaramin jirgi don kansa, sa'an nan ya koyi tafiya cikin gajimare da duhu da dogaro ga na'urori kaɗai, sa'an nan ya sami lasisin kasuwanci bayan ya tara abin da ya kai awa 200 a sama. Lasisi mafi girma, wanda sai da shi ake zama kyaftin na babban jirgin fasinja, yana bukatar awa 1,500. Saboda haka dukiyar matuƙi ta farko ita ce awoyin da ke rubuce a littafinsa, kuma in matuƙa biyu suka haɗu, kafin a tambayi garin mutum sai an tambayi jirgin da yake kai da awoyin da ya tara.

To, tsakanin awa 200 da awa 1,500 akwai wani kwari mai zurfi wanda ya haɗiye samari da yawa. Lasisin kasuwanci bai ba mutum izinin taɓa Boeing 737 ba sai ya yi kwas na musamman a kan wannan samfuri, wanda galibi ake biya da dala a ƙasashen waje, kuma wanda ya yi na Boeing, in aikin da ya samu na Airbus ne, tilas ya sake wani. Kamfani yana neman mai gogewa, gogewa kuwa ba ta samuwa sai kamfani ya ɗauki mutum. A zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso gwamnatin Kano ta aika matasa 100 zuwa Jodan su koyi tuƙin jirgi, suka dawo da shahadarsu a hannu, amma da yawa daga cikinsu suka daɗe suna jira saboda rashin wannan kwas na biyu. A ganina duk gwamnati ko attajirin da ya yi niyyar wannan alheri, wajibi ne ya yi lissafin kuɗin tun daga aji na farko har zuwa kujerar mataimakin kyaftin a jirgin fasinja, domin lasisin da aka ajiye a akwati yana tsufa, hannun da ya daina tuƙi kuma yana mantuwa.

Wanda Allah ya tsallakar da shi wannan kwari, ya sa igiya biyu ko uku a kafaɗa, sai zaɓi na gaskiya ya zo masa. Reshe na farko shi ne zirga-zirgar cikin gida: Kano zuwa Abuja, Abuja zuwa Legas, Legas zuwa Fatakwal, kowace tafiya ba ta cika wuce awa ɗaya da rabi ba. Falalar wannan aiki ita ce mutum yakan kwana a ɗakinsa mafi yawan darare, ya ga 'ya'yansa suna girma, ya sami jana'izar maƙwabci da sunan ɗan ƙanensa. Har wa yau, da yake yakan tashi ya sauka sau huɗu a yini, hannunsa yana faɗawa da sauri, awoyinsa suna taruwa, kujerar kyaftin tana matsowa. Amma fa wanda zai tashi jirgin ƙarfe shida da rabi na safe, ya bar gida tun ba a kira assalatu ba, kuma in hunturu ya shigo, hazo ya rufe Kano da Kaduna da Maiduguri, sai ya yini a filin jirgi yana jiran gari ya washe, fasinjoji suna ta faɗa da ma'aikatan kanta, shi kuwa yana duban agogo, don ya san akwai filayen da ba a sauka a cikinsu bayan faɗuwar rana, kuma awoyin aikinsa na halal suna ƙarewa yana zaune. Albashinsa kuma na naira ne, alhali kwasa-kwasan da ke riƙe da lasisinsa na dala ne.

Reshe na biyu shi ne doguwar tafiya, kuma a nan ne idanun samari suka fi karkata, musamman ga kamfanonin ƙasashen Larabawa irin su Emirates da Qatar Airways da Etihad, inda ake tuƙa manyan jirage, ake biya da kuɗin da ba ya faɗuwa, ba a cire harajin albashi, a kuma ba mutum gida ko kuɗin haya. Ba shakka wannan ni'ima ce, kuma mutum ɗaya a irin wannan aiki yana iya ɗauke nauyin gida guda har da 'yan'uwa. Sai dai manyan filayen nan na Dubai da Doha sun fi cika da tsakar dare, domin a lokacin ne ake haɗa fasinjojin gabas da na yamma, saboda haka matuƙi yakan fita aiki sa'ad da iyalinsa ke shimfiɗa, ya yi awa takwas ko goma sha huɗu a sama, ya sauka a garin da agogonsa ya saɓa wa na jikinsa, ya kwana ɗaya a masauki, ya juyo. Likitoci sun tabbatar cewa tsakanin ƙarfe biyu na dare da ƙarfe shida na safe jikin ɗan Adam yakan yi sanyi, hankali ya yi nauyi, ko da mutum ya yi barcin rana; shi ya sa a tafiya mai nisa ake sa matuƙa uku ko huɗu, a keɓe musu wurin kwanciya a cikin jirgin su riƙa karɓa-karɓa. In ya dawo gida da hutun kwana uku, kwana na farko na barci ne, kuma matarsa ta riga ta san cewa mutumin da ya shigo da jaka ba zai amsa maganar kuɗin makaranta ba sai gobe. Halinsa ya yi kama da na madugun ayarin Gwanja a da, wanda kan dawo da goro da riba ya tarar an yaye yaron da ya bari a goye, illa iyaka shi madugu sau ɗaya yake tafiya a shekara, wannan kuwa sau huɗu ko biyar a wata.

Ga Musulmi akwai ƙarin mas'aloli waɗanda malamai suka riga suka share musu hanya. A mazhabar Malikiyya tafiyar da ta kai mil 48 tana halatta kasaru, kuma kasarun ba ya yankewa sai mutum ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, don haka matuƙin da ya kwana ɗaya a Landan ko Bankok matafiyi ne a hukunci. Azumi ya fi wuya, saboda iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, kuma wanda ya nufi yamma rana takan ƙi faɗuwa a gabansa har yininsa ya ƙaru da awoyi; rangwamen da shari'a ta yi wa matafiyi ya sha ya rama yana da ma'ana babba ga mutumin da rayuka 300 ke bayansa. Abin da ba shi da rangwame shi ne Sallar Idi da za ta same shi a wani masauki a ƙasar da ba a san ana salla ba, da rasuwar da za a yi a gida a binne kafin jirginsa ya sauka.

Akwai ƙananan rassa da ba a cika ambata ba. Jigilar alhazai, wadda kamfanoni irin su Kabo Air a da da Max Air a yanzu suka shahara da ita, aiki ne na 'yan makonni masu tsanani, dare da rana tsakanin filayen Arewa da Jidda da Madina. Matuƙan jirage masu saukar ungulu suna kai ma'aikata rijiyoyin mai na cikin teku daga Fatakwal, su yi makonni a bakin aiki, su yi makonni a gida. Mai tuƙa jirgin attajiri ko na gwamna ba ya yawan tashi, amma ba shi da ikon yin alkawarin zuwa ɗaurin aure, tun da waya ɗaya tana iya tayar da shi. Masu jigilar kaya kuwa, dare ne ranarsu.

Dokokin ƙasashe sun ƙayyade awoyin tuƙi. A Turai matuƙi ba ya wuce awa 100 cikin kwana 28, ko awa 900 a shekara, kuma wanda ya raba wannan lissafi zai ce ai mutanen nan hutawa suke yi. Kuskuren lissafin shi ne ba a fara ƙirga awar tuƙi sai jirgi ya motsa. Zuwa da wuri, da nazarin yanayi da nauyin mai, da zagaya jirgi a duba shi, da jiran fasinja tsakanin sauka da tashi, duk suna wajen wannan adadi. Amurka ta koyi darasin gajiya da tsada a Fabrairun 2009, sa'ad da jirgin Colgan Air ya faɗi kusa da Buffalo, mutum 50 suka rasu. Bincike ya nuna cewa mataimakiyar kyaftin ta kwana tana tafiya daga gidan iyayenta a Seattle, a ɗaya gefen ƙasar, zuwa wurin aikinta a Newark, kuma albashinta ƙarami ne ainun. Bayan wannan musiba aka wajabta awa 1,500 ga mataimakan kyaftin na can a 2013, aka kuma tsananta dokar hutu a 2014. Doka tana iya tilasta kamfani ya ba mutum awa goma na hutu, amma ba ta iya hana jariri kuka, ko ta kawo wutar lantarki a daren bazara.

Wani abin da ke ɗaure matuƙi shi ne tsarin fifiko da daɗewa. A kamfanoni da yawa, musamman na Amurka, ranar da aka ɗauki mutum ita ke yanke masa komai: jirgin da zai tuƙa, garin da zai zauna, ranar da zai zama kyaftin, da ko zai sami hutu ranar biki. In ya sauya kamfani, sai ya koma ƙarshen layi ko da ya shekara ashirin yana tuƙi. Saboda haka wani yakan ƙi karɓar igiya ta huɗu, ta kyaftin, da gangan, ya gwammace ya zauna babba a cikin mataimaka yana zaɓar ranakunsa, da ya zama ƙarami a cikin kyaftin-kyaftin ana jefa shi duk inda aka ga dama. Kuma ni ban ga aibin wannan ba ga mai 'ya'ya ƙanana. A ƙasashenmu kuwa matsalar ta fi haka muni, domin kamfanin ne kansa ba ya daɗewa. Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, ya daina tashi a 2003, ma'aikatansa suka shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu. Air Afrique, wanda Nijar ke cikin masu shi, ya durƙushe a 2002. Kamfanonin Okada da Bellview da Chanchangi duk sun zama labari. A 2020 kuma annobar korona ta ajiye jiragen duniya a ƙasa, aka sallami dubban matuƙa, har da waɗanda suka bar gida don aikin da suke zaton ba ya girgiza.

Duk da haka ba kasafai ake ganin matuƙi ya bar sana'ar da son ransa ba. Mutum ne da ake jarraba shi duk wata shida a cikin na'urar kwaikwayon jirgi, a kashe masa inji yana tsakiyar tashi, a kunna masa gobara, a ga yadda zai yi. Likita kuma yana duba zuciyarsa da idonsa da kunnensa duk shekara, in ya kai 60 duk wata shida, kuma sakamako ɗaya maras kyau ya isa ya rufe littafin awoyinsa. Amma ka zauna da su ka ji hirarsu: yadda fitilun Kano ke bayyana bayan doguwar tafiya a kan duhun Sahara, yadda ake kewaye hadarin damina da ke tsaye kamar dutse, da daɗin saukar da aka yi cikin iska mai bugu daga gefe har fasinja bai farka ba. Kyaftin ɗan Habasha da mataimaki ɗan Katsina da ba su taɓa haɗuwa ba suna iya zama a kujeru biyu su yi aiki kamar sun shekara tare, domin kalmomin aikin da tsarinsa iri ɗaya ne a ko'ina.

Ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya ta tsayar da shekara 65 a matsayin iyakar tuƙin jirgin fasinja tsakanin ƙasashe, bayan an ɗaga ta daga 60 a 2006. A Amurka an kai ƙudurin mayar da iyakar ƙasar 67 gaban majalisa, dattawan matuƙa da yawa suna goyon baya don ba su ƙoshi da tashi ba, amma babbar ƙungiyar matuƙan ƙasar ta yi adawa, a 2024 ƙudurin ya faɗi. Waɗanda wa'adin ya cim musu, da dama sukan koma makarantu da ɗakunan na'urar kwaikwayo suna koyar da na baya, kuma a nan ne karo na farko da yawancinsu ke samun aikin da ake fita da safe a dawo kafin magariba.