Titin Mu'izzu Na Alkahira: Fadoji Sun Rushe, Suna Ya Saura

Duk wanda ya shiga tsohon birnin Alkahira ta Ƙofar Futuhu, ya miƙe kudu har Ƙofar Zuwaila, to, ya taka titin da ya ba shekara dubu baya, ko da ya ke tsawonsa kamar kilomita guda ne kurum. Jauhar, sarkin yaƙin Fatimawa, shi ya shata shi a 969, sa'ad da ya kafa birnin domin ubangidansa Halifa Mu'izzu, wanda titin ke amsa sunansa a yau.

A tsakiyarsa akwai wurin da a ke kira Bainal Ƙasraini, watau tsakanin fadoji biyu. Fadojin sun daɗe da rushewa, suna kaɗai ya saura. A kan kufan ta yamma ne Sarki Ƙalawun ya gina asibiti da makaranta da hubbarensa, aka gama a 1285, sarakunan da suka biyo baya kuwa kowa ya yi ta neman ya fi na gabansa. Ba duka ne suka wanye lafiya ba: a Ƙofar Zuwaila Turkawa suka rataye Tuman Bay, sarkin Mamlukawa na ƙarshe, a 1517.

Abin da yaƙi bai ci ba, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya so ya cinye, don ya yi ta jiƙa tushen gine-ginen yana ɓarɓashe duwatsu, girgizar ƙasa ta 1992 kuma ta ƙara tsattsaga bango. Sai bayan wannan hukuma ta tashi haiƙan ga gyara, aka sake buɗe sashen arewa a 2008, aka taƙaita shigar motoci.