Ƙaramin Ɗaki Da Babban Kaya: Yadda Za A Sami Sarari A Gidajen Maiduguri

Daga Wakilinmu a Maiduguri

Kwanakin baya aka yi bikin wata ƙanwata, aka kira ni in taimaka wajen sauke kayan ɗakinta a wani gidan haya cikin unguwar Gwange. Ciki da falo ne angon ya kama. A-kori-kura biyu suka zo shaƙe da kaya: gado, da sif, da madubi mai durowa, da kujeru, da teburi, da kabad ta jera kwanuka. Sif ɗin ya ƙi shiga ƙofa, sai da aka nemo kafinta ya kwance shi ya sake haɗawa a ciki. Da la'asar ta yi, gwaggon amarya ta ɗauki sallaya tana neman inda za ta shimfiɗa, ta zaga ciki ta zaga falo ba ta samu ba, ala tilas ta fito tsakar gida ta yi sallarta. Kujera guda kuwa a bakin ƙofa ta kwana, kuma har yau tana can ƙarƙashin rumfa, rana da ƙura suna cin ta.

Wannan abu ya sa na yi ta tunani. Da yawa daga cikinmu muna kukan ƙuncin gida, muna ɗora laifin a kan mai gida da maginin da ya ƙanƙanta ɗakin. Lalle suna da nasu rabon laifi. To, amma sau da yawa kayan da muka cusa a ciki su ne suka cinye ɗakin, kuma wannan ɓangare yana hannunmu.

YADDA GARI YA CIKA

Kamar yadda masu karatu suka sani, a shekarar 1907 aka kafa Yarwa, sa'ad da Shehu Abubakar Garbai ya komo nan da zama. Garin ya zama hedkwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, sa'an nan ta Jihar Barno a 1976. Gidajen da aka gina a tsofaffin unguwanni irin su Shehuri da Mafoni da Hausari suna da zaure da tsakar gida mai faɗi, ɗaki kuwa wurin barci ne da ajiya kawai. Gwamnatoci sun yi rukunin gidaje waɗanda jama'a ke kira da lambobinsu, watau 202 da 303 da 505 da 707 da 777 da 1000, amma ba su ishi ko da ma'aikata ba.

Rikicin da ya soma a 2009 shi ya ƙara dagula al'amarin. Musamman a 2014 da 2015, mutanen Bama da Gwoza da Baga da sauran garuruwa suka kwararo cikin Maiduguri, kuma akasarinsu a gidajen 'yan'uwa da abokan arziki suka sauka, waɗanda suka tafi sansani su ne kaɗan. Aka raba tsakar gida aka tayar da ɗakuna, zaure ya koma ɗakin haya, gidan mutum goma ya ɗauki talatin. Bayan gwamnatin jiha ta soma rufe sansanonin cikin gari a 2021, waɗansu sun koma garuruwansu, waɗansu kuwa suka shiga unguwanni neman haya. Saboda haka ƙaramin ɗaki ya zama gidan mutane masu yawan gaske, kuma ya kamata a koyi yadda za a zauna cikinsa da mutunci.

A AUNA KAFIN A SAYA

Bari mu yi ɗan lissafi. Ɗakin da magina suka fi yi shi ne mai ƙafa 12 tsawo, ƙafa 12 faɗi, watau murabba'in ƙafa 144 ke nan. Gadon da ake yayi, mai ƙafa 6 da 6, ya ɗauke 36, kashi ɗaya cikin huɗu na ɗakin tun ba a je ko'ina ba. Sif mai ƙafa 6 da 2 ya ci 12, kuma yana bukatar wani 12 a gabansa domin a buɗe murfinsa. Madubi da durowoyin gefen gado su ci 12. Ƙofar ɗakin kanta tana neman kamar 9 domin ta buɗu. An tashi 81 ke nan. Abin da ya rage 63 ne, shi ma a warwatse yake, ɗan lungu nan ɗan lungu can, babu inda yara biyu za su zauna su ci tuwo.

A falo ma haka abin yake. Jerin kujerun nan na mutum bakwai, da teburin tsakiya, da mazaunin talabijin, sukan cinye kusan rabin ɗaki mai wannan girma. Mutum bakwai kaɗai za su zauna, alhali kuwa in darduma ce aka shimfiɗa, ninkin haka sai su zauna har su miƙe ƙafa.

Don haka shawara ta farko ita ce a auna. Kafin iyayen amarya su je wurin kafinta, a aiki yaro da igiya ko awon tela ya auno ɗakin, da faɗin ƙofa, da inda taga take. A zana wurin gado da na sif a ƙasa da gawayi ko alli, a zaga a gani ko mutum zai wuce da tire a hannu. A fara fid da gefen gabas a bar shi fili domin salla, sa'an nan a raba wa kaya abin da ya saura. Gado mai ƙafa 4 da rabi ya ishi mutum biyu, kuma ya mayar wa ɗaki murabba'in ƙafa 9. Sif mai murfin turawa gefe ba ya bukatar fili a gabansa kamar mai buɗewa.

ZAMAN ƘASA BA TALAUCI BA NE

Waɗansu na ganin falon da babu kujeru alamar rashi ne. Wanda ya taɓa shiga fadar Shehu ya ga yadda manyan Barno ke zaune a kan shimfiɗa ba zai faɗi haka ba. Darduma mai kyau, da tum-tum uku ko huɗu, da matasan kai a jingine da bango, sun ishi karɓar kowane irin baƙo. In akwai dattijo mai ciwon gwiwa, sai a ajiye doguwar kujera guda ɗaya, marar faɗin hannu, mai dogayen ƙafafu yadda tsintsiya za ta shiga ƙarƙashinta. Da dare kuma falon ya zama ɗakin barcin yara, da safe a naɗe katifu a jingine.

Mutanen Japan, waɗanda ƙuncin gidajen biranensu ya shahara, da tabarma suke auna ɗaki, a ce wannan mai tabarma shida ne, wancan mai takwas. A gidajensu na gargajiya akan shimfiɗa katifa da dare, a naɗe ta a sa a ma'aji da safe, ɗaki ɗaya ya yi aikin uku. Kakanninmu ma haka suka yi da tabarma da buzu, mu ne muka yar.

Abin lura game da daɓe: a shimfiɗa leda ko kafet mai launi ɗaya daga bango zuwa bango, in da hali iri ɗaya a ciki da falo. Shimfiɗa mai manyan furanni da launuka barkatai tana yanka ɗaki gunduwa-gunduwa a ido. Gwargwadon yadda ido ya ga ƙasa a sarari, gwargwadon yadda zuciya za ta ji ɗakin ya buɗe.

A HAU BANGO

Iyayenmu mata sun san amfanin sama. Ragaya suke ratayawa su ɗora ƙwarya, su kafa turaku a bango domin faifai da ludayi. Yau mun bar bango ga hotuna da kalanda, mun tara kome a ƙasa. Kanta biyu ko uku da kafinta zai kafa sama da tsayin kai, ko a bisa ƙofa, za su ɗauke akwatuna da littattafan yara da kwanukan da ba a amfani da su sai ran suna. Talabijin a manna shi a bango, a huta da teburinsa. Bayan ƙofa a sa maratayi domin hijabi da jakar makaranta. A madafa a rataye tukwane da murafu. Mai haya wanda mai gida ya hana shi huda bango sai ya sa a yi masa doguwar kanta siririya mai tsayawa da ƙafarta, wadda zai ɗauka ran da zai tashi.

Ƙarƙashin gado kuma ma'aji ne na barguna da rigunan sanyi, waɗanda ba a nemansu sai hunturu ya shigo. Amma a sa su cikin akwati mai murfi, kada wurin ya zama gidan ɓera da sauro.

HASKE DA ISKA

A Maiduguri sarari da iska abu guda ne. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. Ba mu manta ba da duhun da garin ya shiga bayan an lalata turakun layin Damaturu a Janairun 2021, kafin a buɗe tashar gas mai megawat 50 a Maris na 2023. Ɗakin da aka toshe tagarsa da sif, aka lulluɓe da labule mai kauri hawa biyu, aka cika da kujerun karan-miski masu riƙe zafi, tanderu ne ga jariri da mai jego. Kada a jingina kome a taga. In ɗakin yana da taga daura da ƙofa, a bar hanyar da ke tsakaninsu a buɗe domin iska ta ratsa.

Labule ya zama marar nauyi, mai haske, wanda za a cire a wanke in ƙurar hunturu ta kama shi. A kafa sandarsa kusa da silin, ya sauko har ƙasa, sai ɗakin ya ƙara tsayi a ido. Bango kuwa a shafa masa fari ko ruwan madara. Farin bango yana mayar da haske, har ƙwai ɗaya mai aiki da hasken rana ya wadatar, alhali bango mai duhu shanye hasken yake yi. Da yake matan Barno ba su rabuwa da turaren wuta, kuma hayaƙinsa kan dusashe bango a hankali, gara a yi fenti mai goguwa da tsumma. Kuma kada a bar kasko da garwashi cikin rufaffen ɗaki a kwanta barci, domin hayaƙin gawayi yana kisa ba tare da an ji warinsa ba.

Madubi dogo guda ɗaya, a manne a bangon da ke kallon taga, yana ninka haske ya sa ɗaki ya yi zurfi. A kauce wa sa shi a gabas inda zai ɗauke hankalin mai salla, ko daura da ƙofa inda mai wucewa zai hango gado.

Wanda Allah ya ba ɗan fili a ƙofar ɗaki kada ya mai da shi juji na tsofaffin kaya. Rumfar zana, da tabarma, da randa, sun ƙara wa gida ɗaki guda kyauta. In akwai dogon yaro a gidan, itacen da ya yi wa titunan Maiduguri ado, to an sami falon rani.

DARASIN AMBALIYA

Ran Talata 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwan Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya mamaye gari irin yadda ba a gani ba tun 1994. Ya shiga fadar Shehu, da babbar kasuwar Monde, da asibitin koyarwa na jami'a, da unguwanni kamar Gwange da Gamboru da Fori, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Da ruwa ya janye aka koma, abin da aka tarar a ɗakuna ya isa wa'azi. Gadaje da sif na allon nan da ake matsawa da dusar katako sun kumbura sun ruguje. Kujerun soso sun sha ruwa sun yi wari, sai zubarwa. Tabarma da leda da gadon ƙarfe da tukwane kuwa aka wanke aka shanya aka ci gaba da amfani. A gidajen da ruwa bai kai rufi ba, abin da ke bisa kanta shi ya tsira.

Ashe dabarar da ke ba ɗaki sarari ita ce kuma ke rage hasara. Takardun makaranta, da na fili, da katin asibiti, a sa su cikin leda a ɗora a kanta mafi tsayi. Wanda yake sake haɗa ɗaki bayan wannan masifa ya yi a hankali, ya fara da abin kwanciya da na girki, ya zauna wata guda ya ga abin da ya rasa da gaske kafin ya ƙara sayen wani.

KIRA GA IYAYE

Ba a raina kayan ɗaki ba. Tun zamanin tasa da kumbo da fanteka, jere shi ne asusun mace, in wuya ta yi wuya ta ciri ɗaya ta sayar ta rufa asiri. To, amma kujerar soso ba ta da wannan daraja, ran da ta fito daga shago ran nan kuɗinta ya soma zubewa. Uba ya ci bashi, uwa ta sayar da abin da ta mallaka, domin kada dangin miji su yi gori, ƙarshe yarinya ta rasa inda ɗanta zai koyi rarrafe. Da an rage kayan katako an saya mata keken ɗinki, ko ɗan zinari, ko an ba ta jari, da asusun ya tabbata, ɗakin kuma ya sha iska. Dangin miji su ma su sassauta harshe, gama gorinsu ne ke tura iyaye ga wannan wahala.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kowa ya tsaya a bakin ƙofarsa yau ya dubi ɗakinsa, ya tambayi kansa wane kaya ne ya shekara ba a taɓa shi ba. Wannan a sayar, ko a ba wanda ambaliya ta bari hannu wofi, a sami lada a sami wuri. Allah ya yalwata mana gidajenmu da zukatanmu, amin.