Shiri na Musamman: Fadamun Bakin Kogin Kaduna

Yau bakin kogi za mu nufa, daga Rafin Guza da Malali, mu gangaro Unguwar Rimi har Kabala.

Ga tambayar da na zo da ita. Dillali ya kai ka ganin fili a watan Maris, ƙasa ta bushe ƙayau, har ta tsattsage. Ta yaya za ka gane fadama ce?

Masana ƙasa suka ce a haƙa. Ka sa diga ka yi rami kamar kamu ɗaya ko biyu. Ƙasar tudu a Kaduna ja ce, kowa ya sani. Ta fadama kuwa toka-toka ce, mai danƙo, da ɗige-ɗige kamar tsatsa. Kuma, jama'a, tsatsar ce ta gaske! Akwai sinadarin ƙarfe a cikin ƙasa. Idan ruwa ya kwanta wata da watanni, iska ba ta samun shiga, sai ƙarfen ya narke ya bi ruwa, ƙasar ta koɗe. Da rani ya kama, iska ta bi ramukan saiwoyi ta kutsa, abin da ya rage na ƙarfen ya yi tsatsa nan take. Wannan abu ya burge ni ƙwarai. Ko tifa goma ta jar ƙasa aka zuba a kai, shaidar na nan a ƙarƙashi. Toka-toka da ɗigon tsatsa, ku riƙe wannan.

Sai tsirrai. Inda ka ga kacalla ko burugu, ko bado a kududdufin kusa, to wurin na ruwa ne.

Aikin fadama shi ne ta karɓi ruwan kogi idan ya cika ya batse, ta riƙe, ta sake shi sannu a hankali. Daga nan manoman rani ke samun alayyahu da latas ɗin da muke saye a kasuwa. Da aka cike ta da gine-gine, ina ruwan zai je? Mun ga ambaliya a watan Agustan 2003, muka sake gani a 2012, mutanen Kigo Road ba sa buƙatar a ba su labari.

A taƙaice, don lokaci ya fara hararar mu: tun 1971 aka ƙulla yarjejeniyar kare irin waɗannan wurare a Ramsar ta ƙasar Iran, kuma dausayin Haɗeja da Nguru na ƙarƙashinta. Nan Mando ma muna da Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa, ilimin bai yi mana nisa ba.

Roƙona ga hukumomin filaye da tsara birane, KADGIS da KASUPDA, a shata iyakar fadamun da suka rage, a hana gini a cikinsu. Kai kuma mai shirin sayen fili kusa da kogi, don Allah ka haƙa ramin nan kafin ka biya kuɗi. A kasance lafiya.