Makin Bashi: Yadda Musulmi Zai Gyara Sunansa Don Samun Gida Ko Mota Ba Tare Da Riba Ba

A ƙasar Amurka, idan mutum ya nufi dillalin motoci ko kamfanin da ke sayar da gida a biya kaɗan-kaɗan, ba wanda zai tambaye shi ko ɗan gidan wane ne, ko kuma wa zai tsaya masa. Abin da ake fara dubawa shi ne wata lamba da ke tsakanin 300 da 850, wadda ake kira makin FICO, da sunan kamfanin da ya fito da ita a shekarar 1989. Wannan lamba ita ce taƙaitaccen tarihin mu'amalar mutum da bashi, kuma ana fitar da ita ne daga bayanan da manyan kamfanoni uku, wato Equifax da Experian da TransUnion, suke tattarawa daga bankuna da sauran masu ba da lamuni. Wanda makinsa ya kai 670 ana ganinsa da mutunci a wannan fage. Wanda ya gaza 580 kuwa yawancin ƙofofi a rufe zai same su, kuma 'yan kaɗan ɗin da za su buɗe masa sai da tsada.

Musulmi da yawa suna ɗaukar wannan al'amari a matsayin sha'anin masu mu'amala da riba, wanda bai shafe su ba. Wannan zato bai yi daidai ba. Kamfanonin da ke sayar wa Musulmin Amurka gidaje bisa tsarin Shari'a, irin su Guidance Residential da ya fara aiki a 2002 da tsarin musharaka mai raguwa, da UIF, da sashen Musulunci na bankin Devon da ke Shikago, dukkansu suna duba tarihin bashin mai nema kafin su sa hannu. Hasali ma, mai ciniki bisa Shari'a ya fi mai cin riba buƙatar wannan bincike. Bankin riba idan aka yi masa jinkiri ƙara kuɗin ruwa yake yi, jinkirin ya zama riba a gare shi. Amma wanda ya sayar da mota ta hanyar murabaha, da zarar an yanke farashi ba shi da ikon ƙara ko kwabo don an makara. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Jidda a 1990: ya halatta farashin ajali ya fi na hannu, amma bai halatta a ɗora wa mai biya ƙari saboda jinkiri ba. Ko tarar da wasu bankunan Musulunci ke sanyawa don tsawatarwa, sadaka ake yi da ita, ba ta shiga ribar banki. To wanda jinkiri ba ya ƙara masa komai sai asara, dole ne ya tantance wanda zai ba amana tun daga farko.

Wani zai ce, ashe ba giba ba ce a rubuta cewa wane ya ci bashi bai biya ba, a ajiye don duk mai so ya gani? Malamai sun daɗe da warware irin wannan. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Annabi (SAW) ya siffanta taurin bashin mai hali da zalunci, kuma a wani hadisin da ke wurin Abu Dawuda da Nasa'i an bayyana cewa irin wannan jan ƙafa yana halatta a faɗi laifin mai shi, a kuma hukunta shi. Imam Nawawi ya lissafa gargaɗin Musulmi game da wanda za su ƙulla hulɗa da shi a cikin wuraren da ambaton aibi ba ya zama giba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Saboda haka asalin ajiye tarihin bashi ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Inda tsarin Amurka ya gaza shi ne ba ya bambance mai hali da ya ƙi biya da wanda ya shiga ƙunci, alhali aya ta 280 ta wannan sura ta yi umarni a saurara wa matalauci har ya samu sauƙi. Na'ura ba ta san rashin lafiya ko rasa aiki ba, kwanan wata kawai ta sani.

Kamfanin FICO ya bayyana yadda yake auna mutum. Kashi 35 cikin 100 na makin yana rataye ne a kan biya a kan lokaci, kashi 30 a kan yawan abin da ake bin mutum idan aka gwada da iyakar da aka ba shi, kashi 15 a kan daɗewarsa yana mu'amala, sai kashi 10 a kan sababbin basussukan da ya nema, kashi 10 kuma a kan ire-iren bashin da ya taɓa ɗauka. Duk wanda ya dubi wannan lissafi zai ga cewa kusan kashi biyu cikin uku abubuwa biyu ne da addini ya riga ya yi umarni da su: cika alkawari da rage nauyin bashi.

Mai son gyara sunansa da karanta rahotonsa zai fara, ba da neman sabon bashi ba. Dokar Amurka ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta daga kamfanonin nan uku, kuma idan ya ga kuskure ya kai ƙorafi, wajibi ne su bincika, galibi cikin kwana 30. Ba ƙaramin abu ba ne wannan. Binciken da Hukumar Kasuwanci ta Tarayyar Amurka ta fitar a 2013 ya nuna cewa mutum ɗaya cikin biyar yana da kuskure a aƙalla ɗaya daga cikin rahotanninsa. Ga al'ummar da sunaye irin su Muhammad da Ahmad da Ali suka yi yawa a cikinta, yana da kyau mutum ya duba ko an jingina masa bashin wani mai irin sunansa.

Abin da ya tabbata gaskiya ne a rahoton kuwa, ba shi da magani sai biya da haƙuri. Jinkirin da ya kai kwana 30 shi ake rubutawa, kuma yana zama a rahoto har shekara bakwai, ko da yake nauyinsa yana raguwa gwargwadon tsufansa. A nan ne 'yan damfara ke samun kasuwa, suna alkawarin goge tabo cikin mako guda idan an biya su. Dokar da aka yi a 1996 ta hana irin waɗannan kamfanoni karɓar kuɗi kafin su yi aiki, kuma babu wanda ke da ikon goge bayanin da yake gaskiya kafin wa'adinsa. Wasu daga cikinsu kan koya wa mutum ya musanta bashin da ya san ya ci, wai ko mai bin bashin zai kasa kawo hujja cikin lokaci. Wannan ƙarya ce tsagwaronta, ko da ta yi aiki. Bashin da aka goge daga kwamfuta yana nan a wuyan mai shi, kuma Annabi (SAW) ya taɓa janyewa daga sallar gawar wani mutum da ake bi bashi har sai da Abu Ƙatada (RA) ya ɗauki nauyin biya.

Hanyar da ta halatta ita ce sulhu. Ka'abu ɗan Malik (RA) ya taɓa matsa wa Ibnu Abi Hadrad a kan bashi a cikin masallaci har muryoyinsu suka ɗaga, sai Annabi (SAW) ya yi wa Ka'abu ishara da ya yafe rabi, ya kuma umarci ɗayan ya tashi ya biya sauran. Masu bin bashi a Amurka sukan yarda da irin wannan rangwame idan bashin ya tsufa, kuma ga wanda ya tuba daga katin riba wannan dama ce ta roƙon a sauke masa kuɗin ruwan da ya taru, ya biya uwar kuɗin. Idan suka ƙi, doka kuma ta tilasta masa, to gaggauta fita shi ne mafi sauƙin sharri, domin kowane wata da ya ƙara ribar ƙaruwa take yi. Duk yarjejeniyar da aka cimma a karɓe ta a rubuce kafin a tura ko dala ɗaya.

Inda maganar ta fi sarƙaƙiya shi ne wurin gina sabon tarihi. Shawarar da kowane mashawarcin kuɗi a Amurka zai bayar ita ce a buɗe katin bashi, a riƙa sayen ɗan abu da shi, a biya gaba ɗaya kafin wa'adi don kada ruwa ya hau. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a karɓi katin da aka sharɗanta riba a cikinsa ba, ko da mai shi ya ƙudurta biya kafin wa'adi, saboda sa hannu a kan sharaɗin shi kansa yarda ce da haram. Wasu malaman da ke zaune a ƙasashen Yamma sun sassauta ga wanda ke da buƙata ta gaskiya, kuma yake da yaƙinin ba zai makara ba. Saɓanin yana nan, kuma kowa ya tambayi malamin da ya aminta da iliminsa. Sai dai ya kamata wanda makinsa ya faɗi saboda kati ya yi wa kansa adalci: yaƙinin da sassaucin ya ginu a kansa, tarihinsa ya riga ya ƙaryata shi.

Abin farin ciki shi ne kati ba shi kaɗai ne hanya ba a yanzu. Kuɗin haya da mutum ke biya kowane wata ana iya shigar da shi cikin rahoto ta hannun kamfanonin da ke wannan aiki, kuma ɗaya daga cikin fitattunsu, Esusu, wani ɗan Nijeriya mai suna Wemimo Abbey ne ya kafa shi tare da abokinsa Samir Goel, sunan kuma na adashin Yarbawa ne. Tun daga 2019 Experian ya buɗe hanyar lissafa kuɗin wuta da na waya. A birnin San Faransisko, ƙungiyar Mission Asset Fund ta ɗauki adashi irin wanda iyayenmu mata suka sani, ba ruwa ko kaɗan, ta mayar da shi rubutacce, tana kai rahoton zubin kowa ga kamfanonin tattara bayanai. Masallatai da ƙungiyoyin Musulmi da ke ba da ƙardan hasanan suna da abin koyi a nan, domin rancen da ba a kai rahotonsa ba yana biyan buƙatar yau amma ba ya gina wa mutum suna.

Mai karatu a Kano ko Kaduna kada ya ɗauka labarin nesa ne. Nijeriya ta yi dokar bayar da rahoton bashi a 2017, kuma akwai kamfanoni uku masu lasisin Babban Banki da ke wannan aiki: CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Lambar BVN da aka ɓullo da ita a 2014 ta sa ba a iya gudu daga wannan banki a ɓuya a wancan, kuma tun watan Agustan 2020 tsarin GSI ya ba banki damar cire bashinsa daga asusun mai taurin bashi a wani bankin. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da Lotus, su ma a ƙarƙashin ƙa'idar Babban Banki suke ta duba rahoton mai nema kafin a ba shi mota ko gida.

Abin da ke ɓata wa mutane suna a nan gida yawanci ba babban bashi ba ne. Dubu goma ce da aka ara a manhajar waya aka manta, ko bashin albashi da aka bari bayan an canja wurin aiki, ko rancen gwamnati irin na lokacin korona da na manoma, wanda mutane da dama suka karɓa suna cewa rabonsu ne daga arzikin ƙasa. Abin da aka sa hannu a kansa da sunan rance, rance ne, ko daga hannun wa ya fito, kuma dukiyar jama'a ta fi ta mutum ɗaya nauyi domin masu haƙƙi a cikinta ba su ƙirguwa. Akwai kuma wanda ya ba ɗan'uwansa BVN ɗinsa ya ci bashi da shi, ko ya tsaya wa aboki ba tare da ya karanta takarda ba. A wurin banki, mai lambar shi ne mai bashin.

Wanda ke da niyyar neman murabahar mota ko gida nan da shekara guda, yanzu ne lokacin da zai nemi rahotonsa daga waɗannan kamfanoni, tunda doka ta ba shi damar karɓa kyauta sau ɗaya a shekara. Idan ya biya tsohon bashi, kada ya tsaya a kan saƙon waya da ke nuna kuɗin sun fita. Ya nemi wasiƙar shaidar cewa ba a bin sa komai daga wurin da ya biya, ya buƙaci su sabunta bayanansa, sannan bayan wata ɗaya ko biyu ya sake duba rahoton da kansa, domin sau da yawa ana biya amma sunan ya ci gaba da zama a jerin waɗanda ake bi.